Jiragen Sin a kabad, gadoji na jiran dubawa

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Baba Malam ya ce in daina cika masa kunne a waya, in kawo maganar zaure kowa ya tofa albarkacin bakinsa, to ga ni.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina aiki ne a sashen ayyuka na wata gunduma a jihar Fulorida ta Amurka. Mu ne masu duba gadoji da kwalbatoci da tashoshin tura ruwa. Da muna da ƙananan jirage marasa matuƙa guda uku na kamfanin DJI na ƙasar Sin, irin waɗanda ake naɗewa a jefa a jakar goyo. Bayan guguwar Ian a Satumban 2022 da su muka yi aiki. Akwai wata gada da ruwa ya cinye gindinta, daga sama lafiya lau take, har motoci sun fara bi. Na tsaya a bakin rafi na shigar da jirgin ƙarƙashinta, ko minti goma ba a yi ba muka ga inda ƙasa ta zaizaye ta bar ginshiƙi a tsaye, ba abin da ke riƙe da shi. Nan take aka rufe hanyar.

Bayan wata bakwai, a Afrilun 2023, dokar jiha ta fara aiki: ba wata hukumar gwamnati a Fulorida da za ta ƙara tashi da jirgin da aka ƙera a Sin. Muka zare batura, muka kulle jiragen a kabad ɗin ƙarfe na sito, har yau suna nan. Wanda aka sayo a madadinsu guda ɗaya ne tak, don kuɗinsa ya fi na ukun nan a haɗe, kuma sai da muka yi wata da watanni muna jiran isowarsa. A tsakanin nan mun koma kwale-kwale da tsani da tocila.

Tambayata ita ce: jirgin da nake duba tsatsar gada da shi, wane sirri zai kai Beijing wanda tauraron ɗan'adam bai riga ya ɗauka ba? Sannan maƙwabcina dillalin gidaje yana tashi da irinsa sak kusan kowace Asabar, a kan wannan gadar dai. Shi doka ba ta ce masa kanzil ba.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin manya su fara, ni tambayata ɗaya ce: makullin kabad ɗin a hannun wa yake? Nawa duron, wato jirgin da nake ɗaukar hoton biki da shi, ya maƙale a bishiyar darbejiya ranar wani kamu, farfela biyu suka karye, yanzu haya nake yi duk biki.

Baba Malam:
Ɗan Fagge, a bar wasa tukuna. Barista, ke kika san harshen doka, warware mana. Ni a kunnena maganar ta zama kamar an ce an hana limami shiga masallaci an bar mamu.

Barista Maman Sadiq:
Baba, ina wuni. Abban Hanifa, ina ga dokoki uku ne kake haɗawa wuri ɗaya, shi ya sa abin ya yi maka ɗaci.

Akwai dokar da ta hana kowa, ma'aikaci ko ɗan gari, tashi da jirgi a kan tashar lantarki ko matatar mai ko gidan yari ba da izini ba. Wannan ba ruwanta da ƙasar da aka ƙera jirgin, kuma Fulorida tana da ita tun kafin wannan rigimar. Idan maƙwabcinka ya kai nasa kan tashar rarraba wuta, ita za ta kama shi.

Ta biyu ita ce ta kulle muku kabad. Majalisar jihar ta zartar da ita a 2021, Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu, aka ba hukumomi lokaci, sannan ƙa'idojin suka fara aiki ranar 5 ga Afrilun 2023. Kuma a lura, ba ta ce "jirgin waje" kawai ba. Ƙasashe ta lissafa: Sin, Rasha, Iran, Koriya ta Arewa, Kuba, Benezuwela da Siriya. A jerin kamfanonin da jihar ta fara amincewa da su akwai Parrot, wanda na Faransa ne, tare da Skydio da Teal da wasu na Amurka. Jihar ta kuma ware dala miliyan 25 don 'yan sanda su sauya nasu. Arkansas da Misisipi su ma sun yi tasu dokar a 2023.

Ta uku ta tarayya ce, tana cikin dokar kasafin tsaro da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Disamban 2023. Ta hana ma'aikatun tarayya sayen irin waɗannan jirage, kuma bayan shekara biyu ta hana a yi amfani da kuɗin tarayya wajen saye ko tashi da su. Wannan ce ta fi kama 'yan kwangila da jami'o'i, don kuɗin tarayya ba inda ba ya shiga.

Dalilin da ya sa aka fara da gwamnati kuwa mai sauƙi ne. Gwamnati ta ce "ba zan sayi kaza da kuɗina ba", wannan ba wanda zai kai ta kotu ya yi nasara cikin sauƙi. Ta ce wa ɗan ƙasa "ajiye abin da ka saya da guminka", wannan wata shari'ar ce daban.

Abban Hanifa:
Na gode Barista. Wato an kama wanda ya fi sauƙin kamawa ke nan.

Injiniya Ɗan Zariya:
Abban Hanifa, ka yi haƙuri, amma kai da bakinka ka amsa tambayarka. Ka ce daga sama gadar lafiya lau take, sai da ka shiga ƙarƙashi ka ga ɓarnar. To abin da tauraron ɗan'adam bai gani ba ke nan, kuma shi ne jirginka ya ɗauka. Tauraro yana ganin gada tana nan. Jirginka yana ganin inda za ta karye.

Ka ɗauki mai duba layin wuta. Kyamararsa mai ganin zafi tana nuna wace taransifoma ce ke ɗaukar zafi fiye da kima, wace mahaɗa ce ta saki, ta wace ƙofa ake shiga, ina kyamarar tsaro ba ta kaiwa. Hoto ɗaya ba komai ba ne. Amma hotuna dubu ɗari daga gundumomi ɗari, kowanne ɗauke da lambar wuri da rana da sa'a, wannan taswirar rauni ce ta ƙasa guda. Abin da hukumar bincike ta FBI da hukumar tsaron intanet ta Amurka suka ja kunnen masu kula da wuta da ruwa a kansa ke nan a Janairun 2024.

Maƙwabcinka dillali rufin gida yake ɗauka da wurin wanka. Kai kuwa ciki kake shiga, da izini, da makulli. Ba ɗaya kuke ba.

Abban Hanifa:
Injiniya, wannan ta shige ni, ban musa ba. Amma mu ba ma haɗa rimot da intanet. Katin ajiya muke zarewa mu sa a kwamfutar ofis. Kamfanin ma tun 2017 ya fito da tsarin da ke toshe duk wata fita ta bayanai daga manhajar. Ta ina hoton zai bi? Ta iska?

Injiniya Ɗan Zariya:
Kai kake yin haka, don kai mai kula ne. Ka rantse duk wani ɗan sanda da ɗan kwana-kwana a jihar yana yi? Wanda aka tasa ƙarfe biyun dare neman yaron da ya ɓata a daji, wayarsa zai jona ya tashi, ba zai tsaya duba wane maɓalli ke kunne ba. Sannan ko kai, ranar da za ka sabunta manhajar jirgin, ai sai ka jona. Abin da ya shiga a wannan ranar ka karanta shi?

A Yulin 2020 masu bincike na wani kamfanin Faransa, Synacktiv, sun buɗe manhajar DJI GO 4 ta wayoyin Android, suka tarar tana iya sabunta kanta ba tare da ta bi ta shagon Google ba, kuma tana tattara lambobin shaidar waya da ba ta buƙatarsu don tashi da jirgi. Kamfanin ya ce ba mugun nufi a ciki, ya kawo nasa bayani. To amma ƙofa ce, kuma a buɗe aka same ta.

Ga kuma dokar leƙen asiri ta Sin ta 2017, sashe na 7, da ta ce wajibi ne kowace ƙungiya da kowane ɗan ƙasa su taimaka wa aikin leƙen asirin ƙasa. Ba sai mai kamfani ya zama mugu ba. Ya isa a ce ba shi da ikon cewa a'a.

Alhaji Na Guangzhou:
Salamu alaikum. Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗi abin da hancina ke shinshinowa. Shekara nawa ana wannan magana? Sojan ƙasa na Amurka sun ajiye DJI tun Agustan 2017. Ma'aikatar cikin gida ta sauke jiragenta kusan 800 a ƙarshen 2019. An sa kamfanin a baƙin littafin ma'aikatar kasuwanci a Disamban 2020, ma'aikatar tsaro ta sa shi a nata a 2022. Duk wannan tsawon lokaci, ina hoton da aka kama yana tafiya Sin aka nuna wa duniya? Ni ban gani ba. Wanda ya gani ya turo.

Abin da na sani shi ne yaron nan Frank Wang ya kafa kamfaninsa na DJI a 2006, daga ɗakin kwanan ɗalibai ya koma Shenzhen, yau kusan kashi 70 cikin ɗari na kasuwar ƙananan jirage a hannunsa take. Amurkawa sun kasa kamo shi a farashi, sun kasa a inganci, sai aka kira majalisa. Mu a Kantin Kwari mun san wannan. Idan atamfar maƙwabci ta fi taka tafiya, sai ka fara cewa tana zuba.

Injiniya Ɗan Zariya:
Alhaji, ranka ya daɗe, wani lokaci kuma da gaske tana zubar.

Alhaji Na Guangzhou:
To a jiƙa ta a gaban jama'a mana.

Barista Maman Sadiq:
Alhaji yana da magana a nan, kuma ita ce ta fi damuna a matsayina na lauya. A dokar kasafin tsaro ta Disamban 2024 majalisa ta ce wata hukumar tsaro ta binciki kayan DJI da Autel, wani kamfanin jirage na Sin, cikin shekara guda, idan ba a yi binciken ba, kai tsaye a sa su a jerin haramci na hukumar sadarwa, FCC. Ku duba tsarin da kyau: rashin bincike shi ne hukunci. DJI ya yi ta rubuta takardu yana cewa a zo a bincike shi. A Disamban 2025 FCC ta sa jiragen da ake ƙerawa a waje a jerin, wato sababbin samfura ba za su sami lasisin shiga kasuwa ba, amma waɗanda ke hannun mutane suna nan suna tashi. Don haka Abban Hanifa, maƙwabcinka zai ci gaba da Asabar ɗinsa har nasa ya tsufa.

Ɗan Fagge:
Anti Barista, wato alƙali ya ce idan ban samu lokacin sauraronka ba, ka ci tara. Wannan ko a kotun gefen kasuwa ba a yi mini ba.

Baba Malam:
Ɗan Fagge ka faɗi gaskiya da wasa. Amma Injiniya bai gama ba, na ga yana rubutu.

Injiniya Ɗan Zariya:
Baba, ni ban ce hanyar da aka bi ta yi kyau ba. Abin da nake so Alhaji ya gane, ko babu hoto ɗaya da ya taɓa fita, akwai haɗari na biyu da ya fi na farko, kuma an riga an gan shi a fili. A Oktoban 2024 Sin ta ƙaƙaba wa Skydio takunkumi saboda cinikin da ya yi da Taiwan. Skydio shi ne babban kamfanin jirage na Amurka, amma a lokacin baturansa daga Sin suke zuwa. Dare ɗaya aka rufe famfo. Sai da kamfanin ya rubuta wa abokan cinikinsa cewa batir ɗaya kowane jirgi zai samu har zuwa wani lokaci.

To ka ɗauka ranar da rikici ya ɓarke a kan Taiwan, kuma duk 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu duba wuta na Amurka a kan kayan kamfani ɗaya suke na Shenzhen. Ba sai an leƙa komai ba. A daina turo batir da farfela kawai, wata shida kowa ya sauka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Alhaji Na Guangzhou:
Madalla. Ashe wanda aka ce a gudu wurinsa ma cikinsa na Sin ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Injiniya, wannan hujjata ce ka ɗauka kake dukana da ita.

Injiniya Ɗan Zariya:
A'a Alhaji, hujjata ce. Idan ba a tilasta wa gwamnati ta sayi na gida ba, wa zai zuba kuɗi ya gina masana'antar batir a gida? Dokar nan, kasuwa take ƙirƙira wa na gida, da gangan. Ni na yarda kariyar kasuwa ce. Inda muka rabu, kai kana ganin kariyar kasuwa da tsaro abu biyu ne.

Abban Hanifa:
To amma wa ke biyan kuɗin ginin kasuwar? Mu ne, da mutanen da ke bin gadojin. Bara wani abokin aikina, mutum mai shekara kusan sittin, ya zame daga tsani a cikin kwalbati, ya yi wata biyu da sanda. Aikin da ya sa shi hawa, da jirgi ne minti biyar ne. Jirginmu guda ɗaya ranar yana wajen wata tawagar. Ba a fafe gora ranar tafiya, Injiniya. Da sun ba mu shekara biyar, ko su ce a gona da bakin teku ku ci gaba, a tashar ruwa da ta wuta ne kawai ba ku ba, da ba ku ji bakina ba. Amma aka haɗa mai ƙirga kada a fadama da mai shiga tashar wuta aka yi musu kuɗin goro.

Injiniya Ɗan Zariya:
Allah ya ba shi lafiya. Wannan na ba ka. Da ni ne, da wuri zan kalla ba hukuma ba.

Maman Iman:
Assalamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni a Pensilbaniya nake, kuma abin da ya faru a jihar nan ne ya sa nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. A Yulin 2020 an tsinci wani jirgi Mavic 2 na DJI a kan rufin wani gini kusa da tashar rarraba wuta. An ɗaura masa igiyoyi biyu, a ƙarshensu an haɗa waya ta tagulla mai kauri. Nufin shi ne a jefa wayar kan layin wuta ta haɗa shi ya ƙone. Allah ya sa ya faɗi bai kai ba. Mai shi ya cire kyamara da katin ajiya da duk wata alama da za a gane shi.

Ku duba fa, babu kyamara. Ba hoto yake nema ba. Kuma irin jirgin da kowa zai iya shiga kanti ya saya ne. Wace daga cikin dokokin sayen kayan gwamnati ce za ta tsayar da irin wannan? Kuɗin da aka kashe wajen sauya jiragen 'yan sanda, da an sa wani kaso a na'urorin gano jirgi a bakin tashoshin, da na fi samun barci.

Barista Maman Sadiq:
Yaya Maman Iman, gaskiya ne, sai dai ƙofofi biyu ne daban. Ɗaya ta ɓarawon da zai hauro katanga, ɗaya ta ɗan aikin gida da ake zargin yana kai rahoto. Rufe ɗaya ba ya hana a rufe ɗayar. Matsalar dai ita ce ta biyun ta fi daɗin tallatawa a majalisa, don akwai sunan ƙasa a jikinta.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Ni abin da ke ba ni dariya, kowa na maganar kamar Sin ce kaɗai ke da kunne. A Fabrairun 2020 aka tona cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya shekara da shekaru yana sayar wa ƙasashe sama da 120 injinan ɓoye saƙo, ashe mallakin CIA ne da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma. Ƙasashe suna biyan kuɗi ana karanta wasiƙunsu. Shi ya sa Amurka ba ta buƙatar hujja a kan DJI. Ta san abin da ita za ta yi da a ce kasuwar a hannunta take. Mugu shi ya san makwantar mugu.

Ɗaya gefen ma ba wankakke ba ne. A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta rubuta cewa kwamfutocin hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, ginin da Sin ta gina kyauta aka buɗe a 2012, suna tura bayanai Shanghai cikin dare na tsawon shekaru. Sin ta ƙaryata, shugabannin Tarayyar ma suka ƙaryata. Kowa ya riƙe abin da ya ga dama.

Mu a Nijar mun ga jiragen Amurka suna tashi daga Agadas har suka tattara a 2024, kuma bututun manmu daga Agadem zuwa gaɓar Benin kamfanin Sin ne ya shimfiɗa shi. Wa za mu hana, da jirgin wa za mu duba?

Barista Maman Sadiq:
Ƙari a kan wannan, Amurka ma tana da dokar 2018 da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Akwai bambanci, don a can sai an bi ta kotu, kuma kamfani na iya ƙalubalanta. Amma ga ɗan Najeriya ko ɗan Nijar, duka biyun "waje" ne.

Baba Malam:
To ga inda nake jira a zo. Mu fa? Ni ban manta Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke kawo wa Arewa wuta ma ya faɗi, Arewa ta kwana sama da mako guda a duhu. Ƙanƙara ta zama zinariya a Kano, masu walda da masu niƙa suka zauna. Turakun nan a daji suke, inda ma'aikaci ba ya iya zuwa sai da rakiyar soja. Idan akwai wurin da ake buƙatar jirgin da zai je ya duba ya dawo, ai nan ne. Sai mu ma mu ce ba ma son na Sin?

Injiniya Ɗan Zariya:
Baba, idan muka kwafi dokar Fulorida yau, mun rufe idonmu da hannunmu. Su suna da inda za su koma, ko da tsada. Mu me muke da shi? Sojan sama sun ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi mara matuƙi da aka ƙera a gida, a Kaduna a Fabrairun 2018, akwai kuma matasa da ke harhaɗa jirage a Abuja, amma ba abin da zai wadaci mai duba turaku daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna ba ne tukuna. Manyan jiragen yaƙinmu marasa matuƙa ma daga Sin da Turkiyya aka sayo.

Abin da za mu iya yau ba ya buƙatar hana komai. Duk ɗan kwangilar da zai ɗauki hoton madatsar Kainji ko Shiroro ko layin wuta, a rubuta masa a takarda: rimot ba ya taɓa intanet, ba a sa manhajar a wayar da ake hira da ita, katin ajiya na hukuma ne, a miƙa shi a ƙofa. Ni na taɓa ganin ɗan kwangila ya tura hotunan cikin wata tasha ta WhatsApp zuwa ga ogansa, ogan ya tura wa wani zaure don a ga yana aiki. Wannan ba sai Beijing ta wahalar da kanta ba.

Indiya ta bi wata hanyar, a Fabrairun 2022 ta hana shigo da jirgi haɗaɗɗe amma ta bar kayan haɗi su shigo, don a riƙa ɗaurawa a gida. Ko wannan sai mai wutar da zai kunna masana'anta.

Alhaji Na Guangzhou:
Yau dai ni da Injiniya mun haɗu a layi ɗaya. A rubuta ranar.

Ɗan Fagge:
Baba, doka fa muna da ita. Tun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a tashi da duron. Ku zo gidan biki ranar Asabar ku ƙirga masu takarda. Ni kaina ban ce komai ba, kar a ce na ce.

Barista Maman Sadiq:
Ƙanena, ka riga ka ce, kuma a rubuce.

Maman Iman:
Abban Hanifa, ni tambaya nake da ita, tsakaninka da Allah. Da a ce gobe an ce ka buɗe kabad, za ka shiga da su cikin tashar tura ruwa kamar da?

Abban Hanifa:
Hajiya, kin kama ni. Jiya da kin tambaye ni da na ce e ba tare da tunani ba. Gada da kwalbati da bakin teku, gobe da asuba zan tashi da su, ba na ko waiwaye. Tashar ruwa kuwa, tun da Injiniya ya yi maganar ranar sabunta manhaja nake tuna cewa ni ne nake kai su gida in jona da intanet ɗin gidana in bar su su kwana suna sabuntawa, don na ofis ba ya bari. Ban taɓa tambayar me ya shiga, me ya fita ba. Sabon ma da aka sayo mana haka nake yi masa, sai dai shi an ce in yarda da shi.

Injiniya Ɗan Zariya:
Intanet ɗin gida? Abban Hanifa! Wanda Hanifa ke kallon katun da shi?

Abban Hanifa:
Shi fa. Kar ka tara mini jama'a.

Baba Malam:
An kira magariba a nan. Wanda ke da sauran magana ya ajiye, bayan isha ma rana ce a wurin 'yan Amurka.

Ɗan Fagge:
Yaya, kafin Baba ya rufe, maganar makulli fa? Ni ba tashar ruwa zan shiga ba, amarya ce kawai da ƙawayenta.

Abban Hanifa:
Kayan gwamnati ne ƙanena, kowanne da lambarsa a littafi, ko farfela ba ta fita. Kuma makon jiya na buɗe kabad ɗin neman wata igiyar caji, na tarar batura huɗu sun kumbura kamar fanke, har murfin ɗaya ya tsage. Na cike takardar a zo a kwashe su kafin su kama da wuta a sito. An ce sai wata mai zuwa.

Ɗan Fagge:
Inna lillahi. To jakar goyon fa, ita ma tana da lamba?